Langar da Ta Dawo da Masara

Fa'iza, tun ranar da na ɗaga miki murya a kicin ba ki sake kirana da safe ba, sai dai ki turo saƙo ta waya, gajere, kamar wadda ke magana da mai gidan haya. Ban ga laifinki ba. Kin ɗauki hutu a wurin aiki, kin taso tun daga Wheaton har Fort Washington don ki gyara wa tsohuwa kicin, kin fitar da gwangwanayen da suka shekara uku da lalacewa, kin goge kabad sama da ƙasa, sannan tukwicinki ya zama tsawa a gaban 'ya'yanki. Ƙanenki Mubarak ya kira ni daga baya yana wani lallaɓa ni, wai ko zan je likita ya duba ni, don ya ji an ce tsofaffi da faɗa suke fara rikicewa. Ban rikice ba tukuna. Na san abin da na yi, na kuma san a kan me na yi shi. A kan busasshiyar masara ce da ba ta cika tafi biyu ba, wadda ke cikin tsohuwar langa mai shuɗin murfi a saman kabad.

"Mama, masara ce fa kawai," kika ce da ni, rabi Hausa rabi Turanci. "Duk ƙwari sun huhhuda ta. Gobe in sayo miki buhu guda a shagon 'yan Afirka."

"Ina kika zuba ta?"

"A shara. Motar ma ta riga ta wuce."

Abin da na ce bayan nan ba zan maimaita shi a takarda ba. Babanku, Allah ya ji ƙansa, shi kaɗai ya san labarin masarar nan, kuma ya tafi da shi. Ku abin da kuka sani shi ne na tafi wata ƙasa aiki na wata tara kina 'yar shekara bakwai, Mubarak na da huɗu, na dawo a rame, na ajiye aikin, na koma asibitin yara. Mutane suka ce sanyi ne ya koro ni, ni kuma na bar su a haka don ya fi sauƙin faɗa. Ba zan rubuta sunan ƙasar ba, kun san ta, ita ce wadda ake nuno sojojinta a talabijin suna fareti ƙafa ɗaya. Ba zan kuma rubuta sunan mutumin da zan ba ku labarinsa ba, domin yana da 'ya, kuma wataƙila tana raye.

Wata ƙungiyar agaji ce ta nemi nas-nas da za su je su auna yara, su kuma duba ko abincin da ake aikawa yana isa bakinsu. Koren fasfona na Najeriya ya sa aka fi saurin ba ni izinin shiga a kan abokan aikina na nan Amurka. Babanku a lokacin yana karanta labarai a sashen Hausa na gidan rediyo, kuma tun ranar farko ya nuna ba ya so.

"Ni da nake karanta labarin ƙasar nan kullum na ce kada ki je, Hauwa."

"Kai karantawa kake yi," na ce. "Ni zan je in gani."

Haka nake a lokacin, baki ya fi ni ƙarfi. Na yi aiki a ɗakin yara a Zariya shekara da shekaru, na ɗauki yaran da ba su kai nauyin kaza ba, don haka na ɗauka ba abin da yunwa za ta nuna mini sabo. Ashe ban san komai ba. Yunwar da na sani tana da surutu. Tana kuka, tana roƙo, tana shiga gidan maƙwabta ta ce a sam mata gari. Ta can shiru gare ta, kuma tsaf take. Garin da aka sauke mu an share titunansa fes, faffaɗa, babu mota sai jefi-jefi, babu mai talla, babu ko akuya. Masana'antu ga su nan jere, amma babu hayaƙi a ko ɗaya, kuma duk da haka kowace safiya ma'aikata sukan tafi a layi su sa hannu cewa sun zo, su zauna kusa da injin da ya mutu har yamma, domin wanda bai zo ba za a yanke masa rabon abinci. A can ba wanda ke da gona, ba wanda ke da shago. Komai na hukuma ne. Ita ke faɗa wa manomi abin da zai shuka da ranar da zai shuka, ita ke kwashe amfanin, ita ke rabawa. Kowane gida yana da katin rabo, kuma rabon hawa-hawa ne gwargwadon aikin mutum da yadda aka yarda da gidansu. Sau biyu a wata ake zuwa rumbun unguwa da jaka. An ce da can shinkafa ake bayarwa, sai ta koma masara, sai masarar ta ragu, sai aka fara zuwa a tarar da ƙofa a rufe da takarda a manne cewa a dawo wani makon.

Akwai kantuna, har da kaya a taga, amma kayan na kallo ne. Na taɓa nuna wani takalmi na ce a ba ni, yarinyar kantin ta yi murmushi ta ce wannan ba na sayarwa ba ne. Kasuwar gaskiya tana lungu, tsofaffin mata a tsugune da 'yan ƙulle-ƙulle a kan tsumma, ƙwai biyu, taba kara uku, garin masara a kofi, ido na kan hanya, da an hango ɗan sanda sai su naɗe su watse. Duwatsun da ke kewaye da garin an aske su tas don itacen girki. A asibitin da muke zuwa da kwalabar giya ake ƙara wa yara ruwa, likitoci kuma suna da ranar da suke fita daji tsinko ganyen magani. Idan za mu ziyarci gidan renon yara sai mun ba da sanarwa kwana da kwanaki, mu je mu tarar an yi musu wanka an jera su, waɗanda suka fi jin jiki kuma an kai su wani ɗakin da ba a buɗe mana. Ni da na san warin ɗakin da yaro mai zawo yake kwance, ina wuce ƙofar ina ji.

Hukuma ta ba mu direba da tafinta. Aikin tafinta biyu ne, ya fassara mana magana, ya kuma kai rahoton abin da muka ce da inda muka kalla. Mun sani, shi ma ya san mun sani. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in, da can malamin Turanci ne, kullum da kwat ɗaya ruwan toka wadda aka sha ɗinke wa gwiwar hannu. Idan yana tafiya yakan ɗan karkata kafaɗar hagu, sak ƙanena Isiya da ya rasu a hatsarin mota a hanyar Kaduna. Na gaya masa haka, na ce daga yau sunansa Isiya. Ya rufe baki da hannu ya yi dariya, ya ce ya karɓa, amma kada in kira shi haka a gaban manya. Shi kuma Sista yake ce mini.

Idan muka fita ƙauyuka ana ba mu abincin rana a ƙunshi. Na lura Isiya rabi yake ci, sauran ya naɗe a hankici ya tura aljihu idan yana ganin ba mai kallo. Ni kuma ba na cin namansu tunda ban san yankansa ba, sai na mai da shi hujja, kullum in tura masa in ce addinina ya hana, ya taimake ni kada a zubar. Ya gane, na gane ya gane. Da azumi ya zo ya ga ina wuni ban sa komai a baki ba, sai ya kasa haƙuri.

"Sista, da abinci a gabanki kike ƙin ci?"

"Ibada ce. Har da don mutum ya ji abin da mai yunwa ke ji."

Ya dubi taga, sannan ya ce, "Kuma da yamma sai ki ci."

Na tura masa ƙunshin abincina gaba ɗaya.

Langar nan cikin kayan ɗakina take, Innata ce ta saya mini ita. Na zo da ita Amurka, na kuma tafi da ita can, saboda a masaukinmu ni nake dafa abincina a ɗan risho. Wata rana muna kan doguwar hanya motar na ta tsalle a ramuka, Isiya ya ce in ba shi labarin garinmu. Sai na hau ba shi labarin kwano. Na ce a Tudun Wada idan Innata ta sauke tukunya, kafin mu ci sai an zuba na gidan hagu da na gidan dama, a miƙa ta katanga. Na ce kuma kwano ba ya dawowa wayam, ko gyaɗa ce, ko ɗan yaji, ko goro ɗaya, sai an sako wani abu a ciki, wanda ya mayar da kwano haka nan ya yi abin kunya. Na ce idan aka yi rasuwa kuwa, gidan ba sa ɗora tukunya, maƙwabta ne ke ciyar da su har kwana uku.

"Wa ke ba da izini?" ya tambaye ni.

"Izinin me?"

"Na kai abincin."

Na yi dariya har direba ya waiwayo. Isiya bai yi dariya ba.

"Kuma wa ke rubuta wanda ya shiga gidan wani?" ya sake tambaya.

"Ba kowa. Sai dai Allah."

Ya jinjina kai kamar ɗalibin da ke haddace darasi. Da ina da hankali, tambayoyin nan biyu sun ishe ni gargaɗi. Amma ni a lokacin daɗin bakina nake ji, ina ta yabon garinmu.

A wata na bakwai, ƙarshen sanyi, lokacin da ɗan abin da mutane suka ɓoye yake ƙarewa, Isiya ya yi kwana biyu bai zo ba. Da ya dawo idonsa a kumbure. Ya ce mahaifiyarsa ce ta rasu. Na tambaye shi me ya same ta, ya dubi ƙeyar direba ya ce tsufa. Sai da motar ta tsaya a hanya direba ya fita ya buɗe gabanta, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa ba tare da ya kalle ni ba.

"Ta ce mana ta daina jin yunwa. Kullum sai ta ce ta ƙoshi, ta tura wa 'yata kwanonta. Mun san ba gaskiya ba ne. Mun bar ta."

Hawaye ya zubo mini. Na ce, "Zan zo in gai da matarka."

"Kada ki zo, Sista."

"Haba Isiya, uwa ce fa."

"Ina roƙonki, kada ki zo."

"Ba wata wahala ba ce."

"Kada ki zo," ya ce, karo na uku, sai direba ya rufe gaban mota.

Yanzu ku saurare ni da kyau, don a nan kuskuren yake, kuma ku da kuka tashi a nan ba lalle ku gane shi ba. A wurinmu idan ka ce da mutum za ka zo masa gaisuwa ya ce kada ka wahalar da kanka, kara ce yake yi maka. Ba wanda ke cewa e, zo, ka taho da abinci. Yana hana ka, kai kuma kana nacewa, idan ka ji hanin nasa ka zauna to kai ne marar mutunci. Da wannan kunnen na ji maganar Isiya. Na ce a raina kunya yake ji kada in ga talaucin gidansa. Shugabar tawagarmu, wata Baturiya mai kirki, ta ba mu dokoki a rubuce tun ranar da muka sauka: ba fita sai da ɗan rakiya, ba shiga gidan kowa sai wanda hukuma ta tsara. Na karanta, na sa hannu. Ban je na tambaye ta ba, don na san abin da za ta ce. Babanku kawai na gaya wa a wayar da muke yi sau ɗaya a mako, da Hausa, ina taƙamar masu sauraron layin ba za su ji ba.

"Hauwa, ba a Tudun Wada kike ba," ya ce. "Ki ba shi abin da za ki ba shi a mota."

"Ta'aziyya a mota? Ina ka taɓa jin haka?"

"To ki bari gaba ɗaya. Ki yi mata addu'a daga ɗakinki."

Na ce to. Kun san irin to ɗina.

Ranar Lahadi da rana na dafa shinkafa dafa-duka da mai da albasa da kifin gwangwani, na cika langar, na ɗaure ta a ɗankwali, na yafa mayafi. Mai gadi yana ɗakinsa yana ɗumama hannu, na bi ta ƙofar baya. Na san gidan, don Isiya ya taɓa nuna mini shi daga mota, wani dogon bene, hawa na biyar, tagar da aka toshe da leda. Ku yi tunanin baƙar mace da mayafi ɗauke da ƙunshi a titin da ba a taɓa ganin baƙo shi kaɗai ba. Ba wanda ya kalle ni. Duk wanda na doso sai ya sunkuyar da kai ya tsallaka ɗaya gefen, ni kuma ina cewa a raina mutanen nan akwai kunya. A ƙofar benen wata mata na zaune da littafi a cinya. Kowane bene yana da irinta, aikinta ta san mai shiga da mai fita. Na gaishe ta da 'yan kalmomin da na iya, ta ɗago a firgice. Sai na faɗa mata sunan Isiya na gaskiya. Ta kama rubutu, na ga kamar ba ta ji da kyau ba, na sake maimaita mata shi a hankali don ta rubuta daidai. Ni da bakina, har sau biyu.

Matakalar da duhu, lif ɗin hawa bene ya daɗe da mutuwa, a kowane hawa ga bokitan ruwa da ake ɗaukowa daga ƙasa. Na ƙwanƙwasa. Isiya ya buɗe, ba kwat, sai wata tsohuwar rigar sanyi. Na sha ganin fuskar iyaye lokacin da likita ya fito ya girgiza musu kai. Irin ta na gani.

"Sista," ya ce. "Me kika yi?"

Ya leƙa matakala sama da ƙasa. Sannan ya rusuna ya matsa gefe, don su ma ba sa barin baƙo a tsaye a ƙofa. Ɗakin ya fi waje sanyi. A bango hotunan shugabanninsu biyu suna ta ƙyalli, an goge su tas, kusa da su wata 'yar rediyo da aka kafe a bangon tana ta magana, wadda ake iya rage wa murya amma ba a iya kashewa. A ƙasa ga shatin inda kabad ya taɓa zama, ga na keken ɗinki, duk an sayar an ci. A tukunya akwai wani abu ruwa-ruwa, garin masara da aka niƙa har da totuwarta aka haɗa da ganye. Matarsa ta miƙe ta kama bango. 'Yarsu kuwa, an ce mini shekararta tara, amma ke Fa'iza da kike bakwai kin fi ta tsawo da kauri. Ina kallon gashinta da farcenta na san abin da zan rubuta da a wurin aiki muke.

Na kwance ɗankwali na buɗe murfi, ƙamshi ya cika ɗakin. Yarinyar ba ta motsa ba, idonta na kan ubanta. Ya daɗe a tsaye. Ina jin lissafi yake yi, ya ga abin da zai faru ya riga ya faru, ko an ci ko ba a ci ba. Sai ya gyaɗa mata kai. Ta ci a hankali, loma ƙanana, ba ta zubar da ƙwaya ɗaya ba, uwar na tsaye hawaye na zuba ba sauti. Na ɗaga hannu na yi wa tsohuwa addu'a yadda na iya. Ban fi minti goma ba. Na bar langar kamar yadda ake yi. Isiya ya rako ni ƙasa, ya tsaya gaban matar nan mai littafi yana magana yana rusunawa, yana ƙara rusunawa, ita kuma ba ta ɗago ba. Na koma masauki raina fari tas, ina jin na sauke hakkin zumunci, na nuna musu yadda ake yi a garinmu. Wannan farin cikin shi ya fi komai ci mini rai har yau.

Litinin ya zo aiki. Talata ma ya zo. Bai ce mini komai ba sai fassara, kuma ya cinye abincin ranarsa duka, bai naɗe komai a hankici ba. Ranar Laraba na fito na tarar da wani mutum a gaban mota da sabon takalmi.

"Ina tafintanmu?"

"An ba shi sabon aiki a karkara, shi da iyalinsa," ya ce da murmushi. "Shi ya nema da kansa, yana so ya taimaka wa manoma."

Na riga na zauna a ƙasar isasshen lokaci na san ma'anar wannan. An karɓe katinsu na gari, an ba da ɗakinsu ga wani, an loda su a babbar mota zuwa can cikin duwatsu inda rabo ba ya kaiwa ko a shekarar da aka yi albarka. Baturiyar nan ta kira ni ofis. Na so ta yi mini tsawa, ba ta yi ba. Ta ce laifin Isiya a wurinsu shi ne ya buɗe wa baƙuwa ƙofa, ya karɓi shinkafarta, ya kuma bari ta ga cikin tukunyarsa, kuma na ƙarshen ya fi girma. Ta ce an soke mana zuwa gundumomi biyu har wata guda, yaran can sai dai su jira.

"Da kin tambaye ni, Hauwa," ta ce. Shi ke nan abin da ta ce.

Na rubuta takarda na ce laifina ne ni kaɗai, tafintan ya hana ni har sau uku. Na kai wa jami'in da ke kula da mu da hannuna. Ya ba ni shayi, ya karanta, ya ce in kwantar da hankalina, a ƙasarsu ba a hukunta kowa a kan baƙo. Ya sa takardar a aljihu. Daga baya na gane ita ma wata shaida ce na ƙara musu, cewa mun yi magana a ɓoye.

Bayan mako guda, muna loda ma'auni a mota, direbanmu, dattijon da bai taɓa ce mini ko sannu ba, ya sa ƙafa ya tura wani abu ƙarƙashin kujerata, idonsa na kallon wani wuri. Na wuni da abin yana taɓa dugadugina ban duba ba. Sai da na koma ɗaki na kulle ƙofa. Ɗankwalina ne, an ɗaure shi irin ɗaurin da na yi. Langar an wanke ta fes. A ciki ga masara, busasshiya, ba ta cika tafi biyu ba. Ba takarda, ba komai. Mutumin da ake kora zuwa duwatsu a ƙarshen sanyi da mace da yarinya marar lafiya, ya buɗe jakar abincinsu ya ɗebi wannan ya zuba, ya kuma roƙi wani ya sayar da ransa ya kawo mini, saboda na gaya masa a garinmu kwano ba ya dawowa wayam. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne Isiya na gaskiya.

Na ƙarasa wata biyun da suka rage kamar gunki. Na ɓoye masarar a cikin safa na shigo da ita ƙasar nan. Ku kuka biya sauran. Ke Fa'iza kina tuna ranar da na zaunar da ke a tebur kina kuka sai kin cinye abincin da kika rage, har motar makaranta ta tafi ta bar ki. Kin taɓa ce mini tun daga tafiyar nan wata uwar ce ta dawo muku, kuma ba ki yi ƙarya ba. Babanku bai taɓa ce mini ai na gaya miki ba, ko sau ɗaya, Allah ya saka masa. Wata rana dai ya gan ni tsaye ina kallon saman kabad.

"Niyyarki mai kyau ce, Hauwa."

"Niyyata ba ta ciyar da 'yarsa," na ce.

Duk wanda na ji zai je ƙasar daga ƙungiyarmu sai na roƙe shi ya sa ido, ko zai ga mai karkata kafaɗar hagu. Da na gane tambayar ma tana iya jawo masa wani abin, na daina. Ban san ko sun ga damina ba. Matan Hausawanmu na unguwar Upper Marlboro suna cewa Hajiya Hauwa ta zama Baturiya, ba ta zuwa gidan kowa sai ta buga waya, kuma idan aka ce mata kada ta wahala sai ta yi zamanta. Gaskiya suka faɗa. Na rasa ƙawaye a kan haka, na kuma bar su da zatonsu. Ranar da babanku ya rasu kuloli suka cika mana falo, kuka yi ta mamakin yadda na tsaya a kan kowace kula sai an sa mata dabino ko sabulu kafin a mayar, ina cikin takaba. Yanzu kun san dalili.

A ƙa'ida idan kwano ya dawo da abu, ci ake yi a yi godiya. Ni ban iya ci ba, ban kuma sami wanda zan gode wa ba, sai na ajiye shekara ashirin da wani abu ina buɗewa ina rufewa. Ke ba ki yi komai ba, Fa'iza, shara kika gani kika zubar, kuma kin wanke langar fes, kamar yadda matarsa ta wanke ta. Tsawar da na yi miki ba taki ba ce, ki yafe mini. Ki zo ranar Asabar da yaran, zan dafa shinkafa, ki tafi da langar gidanki, ni na kasa kallon ta ba komai a ciki. Idan wata rana 'ya'yanki suka tambayi labarinta, kada ki gyara mini shi. Kada ki ce kakarsu ba ta sani ba. Mutumin ya ce kada in zo, sau uku, da Turanci mai kyau, kuma na ji shi sarai.